Zuwa ga Inna, Wadda Ta Ɓoye Mini Mutuwarta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji, a makwanci mai faɗi da sanyi. Ni ce Memuna, autarki. Ina rubuto miki daga Dapaong, garinku, inda nake aikin likitan dabbobi shekara biyu ke nan. Lafiyata lau. Haka kika koya mini in riƙa cewa ko da ba haka ba ne, to ga shi na faɗa.

Na san ba ki iya karatu ba. Ko kina da rai sai an nemo mai karanta miki, kuma da ya kai tsakiya za ki ce ya tsaya haka nan, maganar ta yi tsawo. Shi ya sa na sa takardar a shafina na intanet, inda mutane za su gani su karanta a madadinki. A cikinsu akwai iyayen da 'ya'yansu ke karatu a ƙasashen waje, ina so su ma su ji.

Ga abin da ya tayar da maganar. Makon jiya aka gayyace ni lise, wato sakandaren da na gama a Sokodé, in yi wa 'yan ajin ƙarshe jawabi. Shugaban makarantar ya gabatar da ni ya ce ga 'yar mai sayar da man kaɗanya, ta je Maroko shekara shida ta dawo dokta, ku dubi yadda zaman waje yake gina mutum, yake ba shi ƙarfin zuciya. Aka tafa. Na miƙe na faɗi abin da suke so su ji, na ce su dage, su jure, kewar gida ba ta kisa. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni ranar da na gane na zama mai ƙarfin hali. Na yi murmushi na ce a hankali abin yake zuwa. Ƙarya na yi mata, Inna. Na san ranar sarai, kuma da hannunki a ciki.

Bari in koma baya kaɗan, don masu karantawa ba su san ki ba.

Ke 'yar ƙabilar Moba ce daga wani ƙauye bayan Korbongou. Baba, mahauci ɗan mahauta a zangon Sokodé, ya gan ki a kasuwar Dapaong da ya je sayen shanu, ya auro ki ya kawo ki gidan da ake tinƙaho da cewa kakanni da ayarin goro suka zo. Hausar kasuwa kika iya. A bakinki kowa namiji ne. Ni 'yarki mace, amma kullum sai ki ce, "Kai Memuna, ka ci abinci?" Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, takan kwaikwaye ki a gidan suna, mata su yi ta dariya har da riƙe ciki. Ke ma sai ki taya su dariyar, ki ci gaba da yanka albasarki. Ni kuwa kunya nake ji. Tun ina firamare nake gyara miki magana a gaban mutane. Sau ɗaya tak kika taɓa amsa mini, kika ce, "Kai ka je lakwal, makarantarku, ka gyara naka, nawa ya riga ya bushe."

Da Baba ya rasu, Yaya Bashiru ya bar makaranta ya tsaya a teburin nama, ke kuma kika kama hanya. Kowane mako kina saman babbar mota zuwa Dapaong, ki dawo da ƙwarya-ƙwaryar man kaɗanya da ƙullin daddawa, ƙafafunki a kumbure. Littattafaina duk warin daddawa suke, 'yan aji suna tsokanata da shi. A haka na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a haka sunana ya fito cikin waɗanda aka ba burs, wato tallafin karatu, na tafiya Maroko.

Ranar tafiyata, a tashar Sokodé, ba ki rungume ni ba. Kin cusa mini gwangwanin man kaɗanya a cikin akwati, kika gyara mini bakin mayafi, kika ce, "Can sanyi ne, ka shafa. In kuka ya zo, ka shiga banɗaki ka yi, ka wanke fuska ka fito." Motar ba ta gama fita daga tasha ba na hango kin juya kin nufi kasuwa.

Ba zan ce Rabat duk ɗaci ba ce. Akwai malaman da suka riƙe ni da mutunci. Akwai wata tsohuwa a ƙasan benenmu da ba ta taɓa barin Juma'a ta wuce ba ta hawo mana da kwanon kuskus ba, tana haki. Amma akwai yaran unguwa da ke bin mu da wata kalma da ban san ma'anarta ba sai daga baya. Akwai matar da ta tsare ni a ƙofar masallaci ta ce in karanta mata Fatiha ta ji, don ba ta yarda baƙar mace irina Musulma ba ce. Na karanta mata, Inna. Har yau ina jin haushin kaina da na karanta.

A can na haɗu da Zainabu, 'yar Damagaram, muka zauna ɗaki ɗaya shekara biyar. Ranar farko ta yi wa Hausata dariya, ta ce wannan wace irin Hausa ce rabi Faransanci rabi kasuwa. Ranar ce na fara ɗanɗana abin da kika sha a gidanmu. Daga baya muka zama kamar ciki ɗaya. Kwano ɗaya muke ci, bargo ɗaya muke ja in sanyi ya tsananta. Har Yaya Bashiru ya san ta, suna gaisawa ta waya.

Ke ba kya son kiran waya. Kin ce magana tana yankewa, mutum ya yi ta ihu kamar mai kiran awaki. Sai muka saba da saƙon murya. Duk Juma'a bayan masallaci Yaya Bashiru zai miƙa miki wayarsa ki yi magana, ya turo mini. Ni kuma in mayar da nawa, ya kunna miki. Wannan saƙon na Juma'a shi ne abincina na mako. Sau ɗaya na zo gida a cikin shekara shida, sauran duk da muryarki na rayu.

Da na shiga shekarar ƙarshe, wajen ƙarshen damina, Yaya ya ce mini gwiwoyinki sun gaji, kin bar hawa mota, kin koma ƙauye wajen Kawu Lare, ƙanenki, ki huta. Ya ce can waya ba ta kamawa, amma shi zai riƙa zuwa sayen dabbobi, ya ɗauko muryarki ya turo mini kamar yadda aka saba. Na yi murna. Na ce a ƙarshe dai Inna ta yarda ta zauna.

Saƙonnin suka ci gaba da zuwa, ba Juma'ar da ta tsallake. Sai dai sun gajarce, kuma ba sa amsa abin da na tambaya. In na ce ya gwiwar, sai ki ba ni labarin akuyar Kawu. Na ɗauka tsufa ne.

Yanzu ga ranar da ɗalibar nan ta tambaye ni.

Cikin tsakiyar sanyi aka kai mu wata gona bayan gari don aikin gwaji. Saniya ce haihuwa ta zo mata da gardama, malami ya ce ni zan duba ta. Na sa safar hannu na matso, sai mai gonar ya tare ni da sandarsa. Ya ce wa malamin kowa ya taɓa saniyarsa ban da wannan. 'Yan ajinmu goma sha biyu suna tsaye. Malamin ya dubi ƙasa, ya kira wani ya maye gurbina. A makon nan dai mai gidanmu ya buga ƙofa ya ce mu tashi kafin ƙarshen wata, maƙwabta sun gaji da warin abin da muke dafawa. Daddawarki ce, Inna, wadda nake tsakura kaɗan-kaɗan don kada ta ƙare.

Da la'asar na zauna a kan matakalar bene na danna waya. Ban shiga banɗaki ba. Minti goma sha ɗaya na yi ina kuka ina gaya miki komai. Na ce na gaji, na ce ba zan iya ba, na ce ki ce mini in dawo kawai, gobe-gobe in haɗa kayana. Ban taɓa roƙonki wani abu kamar yadda na roƙe ki ranar ba.

Kwana uku ina jiran amsa. Ranar Juma'a ta zo. Kika ce, "Kai Memuna, barka da Juma'a. Mu nan lafiya lau. Zabi sun fara ƙwai. Ka ci abinci, ka yi karatu."

Sau huɗu na saurara, ina neman ko kalma ɗaya da ta shafi kukana. Babu. Sai na danna na mayar miki da amsa, kuma tunda na ɗauki alƙalami yau ba zan ɓoye abin da na ce ba. Na ce, wai Inna har yanzu ba kya jin Hausa ne? Shekara talatin a zango, 'yarki ta yi miki kuka ki ba ta labarin zabi? Ashe Gwaggo Ladi ta fi ni sanin ki. Na tura. Na ga alamar an saurara.

A ranar wani abu ya rufe a ƙirjina, kamar an ja ƙyaure an sa sakata. Na ce wa kaina ba mai ɗaukar mini kaya a duniyar nan, har uwar da ta haife ni. Na zaga unguwa uku da ƙafa na samo mana wani ɗaki. Da aka sake kai mu gonar nan ban jira izinin kowa ba, na ture sandar mutumin da gefen hannu na duba dabbarsa, na rubuta abin da na gani na miƙa wa malami. Daga nan ba wanda ya sake ganin hawayena. Na fi kowa maki a ajinmu a wannan zangon. Abin da shugaban lise yake kira ƙarfin zuciya ke nan.

Da azumi ya kama, saƙonki ya zo kina yi mini barka da shan ruwa. A bayan muryarki na ji ruwan sama yana dukan kwano, sosai, har da tsawa can nesa. Na san Dapaong. A wannan lokacin zafi ne mai fasa ƙasa, ko gajimare babu. Na kunna wa Zainabu na ce ta saurara. Ta saurara, ta mayar mini da wayar ba ta dube ni ba, ta ce ƙila suya ake yi kusa da ke, mai in ya yi zafi haka yake ƙara. Na yarda. Ni da na yi shekara shida ana koya mini kada in yarda da abin da ban gwada ba, na yarda tsawa suyar ƙosai ce, don ina so in yarda.

Na yi sutnans, wato ranar da ɗalibi yake tsayawa gaban malamai ya kare aikinsa na ƙarshe. Ina fitowa daga zauren saƙonki ya shigo. "Na san ka ci. Allah ya yi maka albarka." Na ji sanyi a raina, na ce ashe dai kin yafe mini maganar nan. Na shiga kasuwa na saya miki bargo ja mai kauri da takalmin fata mai laushi saboda gwiwar.

Na sauka Lomé, na hau motar arewa. A Sotouboua direba ya tsaya a ci abinci. Ina tsaye ina sayen soyayyar doya sai wata mata ta dafa kafaɗata. Maman Sherifa ce, wadda kuka yi shekaru kuna hawa mota ɗaya zuwa Dapaong. Ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Memuna, sai yanzu? Ya haƙurin Inna? Wata bakwai ke nan amma kullum kamar jiya. Allah ya jiƙanta, mace mai kirki."

Kin san abin da na yi? Na ce mata, "Da godiya." Na karɓi doyata. Na koma mota na zauna a kujerata, bargonki a kan cinyata, har Sokodé. Ko ɗigon hawaye. Daga baya Maman Sherifa ta riƙa ba da labarina a zango, tana cewa ba ta taɓa ganin yarinya mai tawakkali irina ba. Ba tawakkali ba ne. Na nemi kukan ne na rasa inda na ajiye shi.

A tsakar gida Yaya Bashiru ya zaunar da ni ya faɗa mini komai, idonsa a ƙasa. Ba ƙauye kika koma ba, asibitin Dapaong aka kwantar da ke. Hanta ce, kuma an gano ta a makare. Da likita ya gaya muku gaskiya, kika sa Yaya ya ƙirga miki Juma'o'in da suka rage kafin in gama. Kika sa aka fito da ke baranda, ƙarƙashin kwano, ana ruwan ƙarshen damina, kika yi kwana uku kina magana a cikin wayarsa. Saƙo talatin da biyu. In kika yi tari sai ki ce ya goge a sake. In numfashi ya ƙare sai ki kurɓi ruwa ki huta, ki tambaye shi wace Juma'a aka kai. Kin tambaye shi yaushe azumi zai kama, yaushe Salla. Labarin zabi da na akuya duk ƙirƙira kika yi, don kada saƙonnin su yi kama da juna. Kika sa shi ya dafa Alƙur'ani. Kika sa ya kira Zainabu ya gaya mata, don ta sa mini ido. Bayan kwana tara kika cika.

Sannan ya kunna mini na ƙarshe, wanda kika ce kada a ba ni sai na dawo. Kika ce, "Memuna, in ka ji wannan, na tafi tuntuni. Kada ka yi faɗa da Bashiru, ni na sa shi. In na gaya maka, ka zo, ka zauna ka dube ni ina mutuwa, karatu ya lalace, ni kuma ban tashi ba. Ni na hau mota shekara goma don wannan takarda. Ban yarda ciwo ya ci ni ya ci takarda ba. Ka yi fushi, ba komai. Fushi yana wucewa."

Bai wuce ba, Inna. Shekara biyu da rabi ke nan.

Kin yanke hukunci a kan abin da yake nawa ne, ba ki tambaye ni ba. Da ni ce zan riƙe miki kofin ruwan nan. Da ni ce zan shafa miki man kaɗanya a ƙafa, in juya ki in kin gaji da kwanciya. Matan da suka yi miki wanka, har da Gwaggo Ladi a cikinsu, ni ban samu ko zuba ruwa ba. Na zauna na lissafa ranar da aka binne ki. Asabar ce. Ina bakin teku da Zainabu muna cin gasasshen kifi, na ɗauki hoto ina dariya na sa a wannan shafin. Yaya Bashiru ya rubuta masha Allah a ƙarƙashinsa, da hannun da bai daɗe da zuba miki ƙasa ba. Hoton yana nan, na kasa gogewa, na kasa dubawa.

Kuma maganar nan da na gaya miki. Kin tafi ba ki ji ta ba, mutane za su ce ai gara haka. Ni a wurina ya fi muni. Da kin ji, da kin zage ni da yaren Moba kamar yadda kike yi in ranki ya ɓaci sosai, da na durƙusa na ba ki haƙuri, da an wuce wurin. Yanzu maganar tana nan tsaye, ba wanda zan karɓe ta daga hannunsa.

Kawu Lare ya kai ni maƙabarta a Dapaong. Muka tsaya daga bakin katanga, ya nuna mini wajen wata bishiyar darbejiya. Kaburbura biyu ne a jere, ruwan farkon damina ya kwantar da su, ciyawa ta fara rufe su. Ya ce na dama ne. Ya sake dubawa, ya ce ko kuwa na hagu. Na yi wa duka biyun addu'a.

Shekara guda ban yi wa Yaya Bashiru magana ba. Da na samu aiki na zaɓi Dapaong don kada in riƙa ganinsa. Matarsa ce ta biyo ni har nan ta zauna a ofishina ta ce in saurare ta. Ta ce duk saƙon da na turo miki a watannin nan bakwai shi kaɗai yake sauraro, a bayan teburin nama, waya a manne da kunne, masu saye suna jira. Ranar da na turo na kukan nan ya rufe tebur da rana tsaka, ya dawo gida ya zauna yana bin saƙonninki ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai yi kama da amsa. Bai samu ba, don ba ki yi tanadin kukana ba. Sau biyu ya danna lambata zai faɗa mini gaskiya, ya tuna ya dafa Alƙur'ani. Ta ce tun daga lokacin bai sake cin abinci ya ƙoshi ba. Na je Sokodé a ƙarshen makon. Ba mu yi wata doguwar magana ba. Ya yanko mini tsoka mai kyau ya ƙunsa, na karɓa, na ce masa Yaya ka rame. Shi ke nan muka shirya. Kin ɗora masa kayan da ya fi nawa nauyi, shi da ko lise ba ki samu kin kai shi ba.

Zainabu kuwa tana rubuto mini duk Salla. Ban amsa ba tukuna. Wata bakwai tana cin abinci kwano ɗaya da ni, tana jina ina yi wa gawa hira. Na san umarni aka ba ta. Zuciyata ce ba ta kai nan ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin abin da ya hana ni sukuni.

Bara wata maƙwabciyata a nan Dapaong, Hajiya Adiza mai albasa, ta shigo wurina. Mijinta yana kwance, likitoci sun ce sai addu'a. Ɗansu Salisu yana shekara ta uku yana karatun injiniya a Tunusiya, jarrabawa saura wata guda. Ta ce in taimake su in kira shi in kwantar masa da hankali, in ce na duba baban da idona, zazzaɓi ne kawai, zai yarda da ni tunda ni dokta ce. Ta ce, "Ke kin san yadda ake yi. Ai ke ma haka aka yi miki, ga shi kin zama mutum."

Na karɓi lambar. Tana fita na kira shi, na gaya masa gaskiya tsirararta. Na ce babanka ba zai tashi ba, in kana so ka same shi ka taho yanzu, zaɓi naka ne.

Ya taho. Ya samu kwana goma sha ɗaya tare da mahaifinsa. Shi ya riƙa ba shi kunu a baki, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Jarrabawa ta wuce shi, burs ɗinsa ya tafi, bai samu komawa ba. Yau zemijan yake tuƙawa, babur ɗin haya, a cikin garin nan. Hajiya Adiza in ta hango ni sai ta tsallaka titi.

Ranar kasuwar shanu shi yakan kai ni. Ina zaune a bayansa ina kallon ƙeyarsa da rigar da rana ta cinye, na yi watanni na kasa tambayarsa. Wata rana a hanyar Korbongou na daure na ce, Salisu, na kyauta maka ko na cuce ka? Bai rage gudu ba. Ya ce, "Dokta, Baba ya gane ni, ya kira sunana, ya sa mini albarka. Wannan ba jami'ar da za ta ba ni shi. Amma ba zan ɓoye miki ba, wata rana in na tashi ina gode miki, wata rana ko fuskarki ba na son gani." A haka muka ƙarasa kasuwar.

Tun ranar na kasa yin fushi da ke yadda na saba. Ban ce kin yi daidai ba, kuma ba na jin zan taɓa cewa. Amma na daina cewa ba ki san abin da kike yi ba. Kin zauna a barandar nan da ciwo yana cin ki, kin dubi hanya biyu, kowace da abin da za ta ƙwace mini, kika zaɓi wadda kike ganin zan iya tashi bayanta. Ni ma na zaɓar wa ɗan wani, da tawa hujjar, kuma ga shi kullum ina hawa bayan abin da na zaɓa.

Na iya aikina, Inna. Fulani suna kirana tun daga Tandjouaré in saniya ta kasa haihuwa, kuma ba wanda yake tare ni da sanda. Ba na tsoron ofis, ba na tsoron baƙon wuri, ba na tsoron zama ni kaɗai. Duk wannan na samo shi a can, ba zan musa ba. Sai dai da an tambaye ni, da na so in rage ƙarfi kaɗan in samu kwana tara a gefen gadonki.

Innata. Kwanan nan kuka ya fara dawo mini, kaɗan-kaɗan, ba ya sallama. Ran nan a kasuwa wata tsohuwa ta sauke ƙwaryar man kaɗanya daga ka, ta dafa ƙugu ta yi ajiyar zuciya irin taki, sai na ji fuskata ta jiƙe. Na tsaya a wurin na bar shi ya zuba, mutane suna wucewa. Ina ganin sauƙi ne ya fara zuwa.

Ki yafe mini maganar da na faɗa, da duk gyaran da na yi miki a gaban mutane ina yarinya. Ni ma ina kan hanyar yafe miki, ban iso ba tukuna, amma kullum ina matsowa.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah ya haskaka kabarinki, ko na dama ne ko na hagu, shi ya san inda baiwarsa take. Allah ya haɗa ki da Baba a gidan da ba ciwo ba gajiya. Allah ya saka wa Yaya Bashiru, ya buɗa wa Salisu wata ƙofar, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa a kaina. Ya kuma tsare 'ya'yan mutane da ke can nesa suna karatu, ya dawo da su su tarar da iyayensu da rai. Amin.

Wassalam.

Autarki mai kewarki,
Memuna
Dapaong